Kunkurun da Ke Yawo da Ruwansa a Tsakiyar Las Vegas

Tun daren da na sauka a gidan yayana a Las Vegas, cikin watan Afrilu, 'yarsa mai shekara tara take ta nanata mini cewa ba zan bar garin ba sai na ga kunkurun hamada. Da farko na ɗauki maganar a matsayin ɗokin yara, domin abin da duniya ta san garin da shi shi ne dogayen otal-otal da gidajen caca da fitilun da ba a kashewa dare da rana, kuma ban zaci akwai wani lungu a cikinsa da aka bar wa namun daji ba. Da safiyar Asabar mahaifinta ya ce mu shirya mu isa bakin ƙofa kafin a buɗe, ya kuma ja kunnena cewa in muka bari rana ta take, ba abin da za mu tarar sai bakin rami.

Wurin da muka nufa ana kiransa Springs Preserve, wani keɓaɓɓen fili mai faɗin eka 180 da ke kimanin kilomita biyar yamma da tsakiyar tsohon gari. Babban titin mota ya bi ta arewacinsa, unguwanni da wata katafariyar kasuwar zamani kuma sun kewaye sauran sassan. An buɗe shi ga jama'a a shekarar 2007, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne jin cewa hukumar samar da ruwan sha ta kwarin Las Vegas ce ta mallake shi, ita ce kuma take tafiyar da shi. Mene ne haɗin hukumar ruwa da kunkuru? Sai da muka shiga na bi allunan da ke bakin hanya ina karantawa, sannan na gane cewa a wannan fili aka binne cibiyar garin. A nan ne idanun ruwa suka yi ta ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa tsawon dubban shekaru, suna gangarawa su zama rafi, ciyawa tana tsira a gefensu a tsakiyar hamadar Mojave, wadda ake furta sunanta Mohabi. Mutanen Paiute na Kudu, masu kiran kansu Nuwuvi, sun rayu a bakin wannan ruwa tun kafin Bature ya san da shi. Ayarin fataken Antonio Armijo, wanda ya taso daga Sabuwar Meziko zuwa Kalifoniya a 1829, ya ratsa ta wannan yanki, kuma daga bakin masu jin Sifaniyanci sunan garin ya fito, domin ma'anar Las Vegas a harshensu ita ce fadamu. Mai binciken ƙasa John C. Frémont ya ya da zango a nan a 1844 ya sa wurin a taswira. Da layin dogo ya iso, jiragen ƙasa masu aiki da tururi suka buƙaci wurin shan ruwa, sai aka yi gwanjon filaye ranar 15 ga Mayu, 1905, ranar da ake lissafawa a matsayin ranar haihuwar garin.

Daga nan aka shiga haƙa rijiyoyi ba ƙaƙƙautawa, wasu ma aka bar su a buɗe ruwa yana kwarara dare da rana a banza, har ya zamana a 1962 idanun ruwan suka daina fitowa gaba ɗaya. Wani ɗan ƙaramin kifi da babu irinsa a ko'ina a duniya sai a rafin nan ya ƙare ƙurmus. Yau kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da garin yake sha daga kogin Kolorado ake jawo shi, ta tafkin Mead, alhali ruwan saman da ke sauka a kwarin a shekara guda bai wuce milimita ɗari da 'yan kai ba. Na tsaya a bakin busasshen kwarin da ruwan yake fitowa a da, ina jin ƙugin motoci daga bayan bishiyoyi, ina kuma hango dogon hasumiyar garin daga gabas, sai na ji wani nauyi a zuciyata. Da wannan nauyin na je wurin kunkuru, kuma ina jin shi ya sa na kalle shi da idon da na kalle shi.

A kan hanya yarinyar ta tsayar da ni gaban wani ɗan kurmi mai ƙananan ganyaye masu sheƙi da furanni rawaya, ta ce in dunƙule hannuwana a kan reshe in hura numfashi sannan in shaƙa. Na yi yadda ta ce, sai ga wani ƙamshi mai kauri, wanda mazauna wurin suke cewa shi ne ƙamshin hamadarsu idan ruwa ya sauka. Kiriyosot ake kiran itacen, kuma a gindin irinsa kunkuru ya fi son haƙa raminsa, domin saiwoyin suna riƙe ƙasa kada ta rufta, inuwar kuma tana rage zafi a bakin ƙofa. Akwai wani da'irar wannan itace a Kalifoniya da masana suka ƙiyasta shekarunsa sun kai 11,700, yana ta tohowa daga saiwa ɗaya. Hamadar nan cike take da halittun da ba su san gaggawa ba.

Mun iso wani shinge mai gajarta, bayansa tsakuwa da ƙaya da 'yan furanni, muka tsaya. Mun kai kusan minti ashirin ba mu ga komai ba. Wasu iyalai sun zo sun leƙa sun wuce. Yarinyar ta nuna mini wani rami a gindin kurmi, samansa a lanƙwashe kamar rabin wata, ƙasansa a shafe, ta ce wannan siffar ita ce shaidar ramin kunkuru, domin da jikinsa yake auna shi, ramin kowace dabba kuwa kamannin mai shi yake ɗauka. Ina cikin kallon duhun ramin sai na ga duhun ya motsa. Kai ne ya fara fitowa, busasshe mai tamoji, da idanu masu ruwan kore da rawaya, sai ƙafafun gaba masu faɗi, lulluɓe da ɓawo mai kauri, waɗanda da ganinsu ka san don haƙa aka yi su. Bayan su ƙoƙon bayan ya biyo, mai tudu, launin ƙasar wurin sak, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, kowane gida na ƙoƙon da zobba a jere kamar na kututturen itace. Ƙafafun baya kuwa dunƙulallu ne kamar na giwa. Ya tsaya a bakin ramin ya miƙe wuya ya baje ƙafafu a rana, ya daɗe a haka yana shan hantsi, domin jikinsa ba ya ƙera zafin kansa, sai abin da rana ta ba shi. Da jikin ya saki, sai ya taka zuwa wani tsiro mai furanni ruwan goro, ya kafa ƙafa ɗaya ya danne reshen, ya buɗe bakin da ba haƙori ya gutsura.

Wata dattijuwa mai aikin sa kai a wurin ta matso ta ce mana wannan mace ce, ta nuna mana gajeren wutsiyarta da ɗan ƙahon da ke fitowa daga ƙoƙon ciki a ƙarƙashin wuya. Na namiji ya fi tsawo, a lanƙwashe yake sama, kuma da shi maza suke karo a lokacin neman mace, kowanne yana ƙoƙarin cusa shi ƙarƙashin abokin karawarsa ya birkice shi. An ce kunkuru na son dambe ba shi da yatsa, ashe wannan ya samo abin da ya maye masa gurbin yatsan. Wanda aka kifar a rana tsaka, in bai samu ya mirgino ya tashi da wuri ba, zafi yana iya halaka shi.

Kunkuruwar ta ci gaba da kiwo har ta iso dab da shingen, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai taki biyu ba. Na durƙusa, hannuna kuma ya tafi da kansa. Ban kai ga ƙetare shingen ba yarinyar ta riƙe mini hannun riga ta ce, “Baffa, kada ka taɓa ta, in ta tsorata za ta zubar da ruwanta.” Na ce, “Wane ruwa, ɗiyata?” Bayanin da ita da dattijuwar suka yi mini a tsaye a wurin, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne dalilin wannan rubutu.

Kunkurun hamada yana iya shekara guda, ko ma fiye, bai sha ruwa da baki ba. Yawancin ruwan jikinsa daga ɗanyen ganye da furannin da suke tsirowa na 'yan makonni bayan ruwan hunturu yake samunsa. Abin da ya samu kuma ba ya sakinsa, domin mafitsararsa ba wurin tara abin zubarwa kawai ba ce, randa ce da yake yawo da ita a ciki, tana iya ɗaukar ruwan da ya kai kashi 40 cikin ɗari na nauyin jikinsa, kuma idan fari ya tsananta jikin yana sake tsotso ruwa daga cikinta ya mayar wa jini. Dattin da sauran dabbobi suke wankewa da fitsari mai yawa, shi dunƙule shi yake yi ya zama wani farin abu mai kauri kamar alli, wanda fitar da shi ba ya cin ruwa. Tsirran hamada suna da gishiri mai yawa, kuma a watannin rani gishirin nan yana taruwa a jikinsa har ya kai matakin da zai kwantar da wata dabbar, shi kuwa sai ya daure ya jira. Yana haƙa 'yan ƙananan kwaruruka a ƙasa mai tauri inda ruwa zai iya kwanciya, yana riƙe da wurarensu a ka, kuma an sha ganin kunkuru ya fito ya zauna a bakin kwarinsa idan hadari ya haɗu, tun kafin ɗigon farko ya faɗo. Idan ruwan ya sauka sai ya tsoma kai ya sha ya ƙoshi, ya zubar da tsohon ruwan mai gishiri, ya cika randar da sabo.

To wannan randa ita ce yake fasawa idan ya ji an ɗaga shi sama, domin a duniyarsa ba abin da ke ɗaga kunkuru sai mai niyyar cinye shi, kuma sakin fitsarin wata dabara ce ta sa maƙiyi ya sake shi. Mutumin da ya tsaya a gefen hanya ya ɗauke shi cikin sha'awa, ya ɗauki hoto, ya ajiye shi a hankali ya tafi yana jin daɗi, yana iya zama ya raba shi da guzurin rabin shekara a wurin da ba a san ranar da ruwa zai sake sauka ba. Mutumin ba zai taɓa jin labarin abin da ya biyo baya ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai fiye da komai, domin hannun da na miƙa babu mugunta a cikinsa ko kaɗan, ƙauna ce zalla ta motsa shi, kuma da a buɗaɗɗiyar hamada muke, ba shinge ba yarinya, da ƙaunar nan tawa ta iya zama ajalin dabbar da ta girme ni. Halin da aka yarda a taɓa shi ɗaya ne, wato idan an same shi a tsakiyar titi mota za ta iya take shi. A nan ma an ce a tunkare shi sannu a hankali, a riƙe shi da hannu biyu kusa da ƙasa ba tare da an karkata shi ba, a tsallakar da shi zuwa ɓangaren da ya fuskanta, a ajiye shi a inuwa a ba shi wuri.

Da na fahimci maganar ruwan, sai sauran halayensa suka zauna mini daram. Abin da muke kira nawar kunkuru tsimi ne, domin kowane motsi yana cin ruwa da abinci, shi kuwa ba shi da na ɓarnatarwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na rayuwarsa a cikin rami yake yin ta. A tsakiyar bazara zafin fuskar ƙasa a hamadar yana haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma a watan Yulin 2024 zafin iskar Las Vegas kanta ya kai digiri 49, amma a cikin ramin akwai sanyi da ɗan laima da ke hana jikinsa bushewa. Daga wajen Oktoba ko Nuwamba kuma yakan shige ya yi dogon kwanci, bugun zuciya da numfashi su ragu, ba ci ba sha, sai ɗumi ya dawo. Ramukan nan ba shi kaɗai suke amfana ba. Wata ƙaramar mujiya mai zama a ƙasa, da macizai, da ƙadangaru, da ɓeraye, da ƙwari iri-iri duk suna fakewa a ramin da kunkuru ya haƙa, saboda haka idan ya ɓace daga wani yanki, maƙwabtansa da yawa sun rasa mai gina musu ɗaki.

Fitowarsa daga dogon kwancin nan ita ce ta haɗa shi da 'yar yayana. Akwai wani kunkuru da ake kira Mojave Max, wanda gundumar Clark, inda Las Vegas take, ta mayar da shi jakadan 'yan uwansa a makarantu. Tun shekarar 2000 ake gasa a tsakanin 'yan firamaren gundumar, kowane yaro ya rubuta rana da sa'a da mintin da yake hasashen Max zai leƙo daga raminsa, fitowar tasa kuma a ɗauke ta a matsayin shelar ƙarewar hunturu a kudancin jihar Nevada. Max na farko a Red Rock Canyon ya zauna, a yammacin gari, ya mutu a 2008, wanda ya gaji sunan kuma aka dawo da shi Springs Preserve a 2017. A 2005 tun ranar 14 ga Fabrairu ya fito, wasu shekarun kuwa sai Afrilu ta yi nisa. Yarinyar ba ta ci gasar ba, amma kafin ta rubuta hasashenta sai da ta koyi yadda ɗumin ƙasa da tsawon yini suke tayar da kunkuru, da dalilin da ya sa ba a ɗaukarsa, da abin da ke kashe shi. A ganina wanda ya ƙirƙiro wannan gasa ya san yara, domin yaron da ya yi makonni yana jiran fitowar wata dabba da wuya ya girma ya bi ta kanta da mota.

Abin da ke kashe shi kuwa da yawa, kuma kusan duka sawunmu ne. Kunkurun hamada yana rayuwa shekara 50 zuwa 80, amma ba ya isa haihuwa sai ya kai tsakanin shekara 13 da 20. Macen tana haƙa ƙasa, sau da yawa a bakin raminta, ta saka ƙwai huɗu zuwa takwas, ta rufe ta tafi, zafin ƙasa ya yi kwancin na wata uku zuwa huɗu. Zafin ne ma yake yanke jinsin 'ya'yan, in ƙasa ta yi zafi sosai mata su fi yawa, in da sauƙi maza su rinjaya. Ɗan da ya fito bai wuce santimita biyar ba, ƙoƙonsa kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya yi tauri, a tsawon lokacin nan kuwa baƙin hankaka yana huda shi da baki kamar yadda ake fasa ƙwai. A da hankakin nan kaɗan ne a cikin hamada, domin babu abinci babu ruwa babu wurin sheƙa. Mutane suka kawo juji, da mushen dabbobin da motoci suka take, da ruwan ban ruwa, da turakun lantarki masu daɗin yin sheƙa, sai hankaki suka ninninka, har ana samun tarin ƙoƙunan 'ya'yan kunkuru a ƙarƙashin sheƙa ɗaya. Yanzu masu bincike har kunkurun roba suke ƙerawa, wanda ke fesa wa hankaka wani ruwa mai ɗaci idan ya sare shi, don ya koyi ƙin na gaskiyar. Dabarar ta burge ni, amma ta kuma nuna mini nisan da ɓarnar ta yi.

Akwai kuma wata cutar numfashi da ƙwayar Mycoplasma agassizii take haddasawa, mai sa majina da kumburin ido, tana toshe hancin da kunkuru yake neman abinci da shi. A ƙarshen shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna a yammacin hamadar, kuma masana suna danganta yaɗuwarta da kunkurun gida da masu su suka gaji da su, suka kai su daji suka saki suna ganin 'yanci suka ba su. Nan ma dai kyakkyawar niyya ce ta zo da annoba. Sai baƙin ciyayi da aka shigo da su daga wasu nahiyoyi, waɗanda suke cike gurbin da ke tsakanin kurmi da kurmi, su bushe su zama makamashin gobara a ƙasar da tsirranta ba su saba da wuta ba, ba su kuma da amfanin furannin asali a cikin kunkuru. Hatta balan-balan ɗin biki da ake saki a gari, iska takan kai su hamada su faɗi, kunkuru ya ɗauka fure ne ya haɗiye.

Gwamnatin Amurka ta sa kunkurun Mojave a jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1990, bayan matakin gaggawa da ta ɗauka a 1989, kuma tun daga lokacin laifi ne a kama shi ko a tsangwame shi a daji. Jihohin Nevada da Kalifoniya duk sun ɗauke shi a matsayin dabbarsu ta alama a cikin masu jan ciki. A 2011 masana suka tabbatar cewa kunkurun da ke gabas da kudancin kogin Kolorado wani jinsi ne daban, wanda hakan ke nufin ainihin kunkurun Mojave, wato Gopherus agassizii a sunansa na kimiyya, mai ɗauke da sunan masanin halittu Louis Agassiz, ƙasarsa ta fi yadda aka zata ƙanƙanta. Duk da dokar, ƙidayar da aka yi tsakanin 2004 da 2014 ta nuna manyan kunkuru sun ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a rukunin waɗanda ke dab da ƙarewa. A gundumar Clark an yi wani tsari inda mai son gina fili yake biyan dala 550 a kan kowace eka, a tara kuɗin a yi aikin kare muhalli a wani wuri. Da wannan kuɗi ana kafa shingayen da ke hana kunkuru hawa manyan tituna, ana kuma ɗaukar nauyin shirye-shirye irin na Max. Ban raina wannan ba, amma ban iya hana kaina ganin arahar farashin ba idan aka auna shi da ramin da wata dabba ta yi shekara arba'in tana komawa cikinsa.

Kwashe su a kai wani wuri ma bai zama maganin da ake fata ba. Kunkuru ya san ƙasarsa kamar yadda mutum ya san tsakar gidansa, ya san inda ramukansa suke, da inda ruwa ke kwanciya, da inda fure ke fara fitowa. Wanda aka ɗauke aka ajiye a baƙon wuri yakan yi ta tafiya yana neman hanyar gida, yana ƙona ruwan da ya tara. A 2008, lokacin da aka faɗaɗa sansanin soja na Fort Irwin a Kalifoniya, an kwashe ɗaruruwansu, sannan aka dakatar da aikin bayan da yawa sun mutu a bakin koyoti, wani ɗan uwan dila, cikin shekarar fari.

Shi ya sa ba zan yaudari kaina in ce eka 180 a tsakiyar gari sun ceci kunkuru ba. Waɗanda ke bayan shingen nan suna cikin aminci, ana duba lafiyarsu, amma makomar jinsin tana can a buɗaɗɗiyar hamada, inda gidaje da tituna da filayen tara hasken rana suke ƙara matsowa kowace shekara. Amfanin wuri irin wannan a wurina shi ne ya kawo dabbar gaban idon mutumin gari, wanda in ba haka ba zai rayu ya mutu a Las Vegas bai san da wa yake maƙwabtaka ba. Gani ya kori ji. Na sha karanta labarin halittun da ke ƙarewa ina wucewa, amma ban taɓa jin abin a jikina ba sai da na ga koren ganye ya ɓata bakin wannan kunkuruwa, na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin ƙoƙon cikinta, na kuma lura cewa a kan ƙasar da gari guda ya shanye idon ruwanta cikin shekaru ƙasa da sittin take tafiya, ita da 'yan uwanta da suka yi dubban shekaru suna rayuwa da abin da bai cika kofi ba.

Mun kai sa'a guda a bakin shingen. Da rana ta fara cizo sai ta daina kiwo, ta juya ta kama hanyar da ta biyo, ba ta ratse ko sau ɗaya ba. A bakin ramin ta ɗan tsaya, sannan ta sunkuyar da kai ta shige, ƙafafun baya suka turo 'yar ƙura, duhun ya koma yadda muka same shi. Dattijuwar ta ce wataƙila ta sake fitowa da la'asar, wataƙila kuma sai gobe.

Muka ratsa lambun tsirran hamada muka fito wurin ajiye motoci. Yayana ya ciro makulli, amma yarinyar ta ce ya dakata, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar ta gaba, ta zagaya ta leƙa ta baya. Ta ce a makaranta an koya musu cewa kunkuru yakan shiga inuwar mota ya kwanta a bayan taya, don haka ba a tayar da mota a hamada sai an duba. Mahaifinta ya tuna mata cewa nan cikin gari ne, kwalta ce ko'ina, kunkurun wurin kuma duk suna bayan shinge. Ta ce ta sani. Ni ma na durƙusa a ɗaya gefen na duba tayoyin da ke wajena, sannan muka shiga.